Yinin da Na Hana Gidanmu Tari

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na hana gida guda tari a garinmu Badafi ba, ko da kuwa na so in manta, don ba za a bar ni ba. Har gobe in na je gida, sai an sami wanda zai rufe bakinsa da hannu ya ce, "Malam, a yi tari ko a dakata?" Sai in yi dariya tare da su, don ba yadda na iya. Amma abin da ke ƙarƙashin dariyar ni kaɗai na san nauyinsa.

Ni malamin firamare ne a Doguwa. Ɗakina ɗaya, katifa ɗaya, risho ɗaya, kofi biyu (na biyun na baƙo ne, kuma har yau ƙura yake sha). Ba ni da mata, ba kuma don ban nema ba, a bar wannan maganar. Da an tashi daga makaranta abokan aiki sai kowa ya hau babur ya nufi iyalinsa, ni kuwa in koma ɗaki in zauna ina kallon duwatsu ta taga har la'asar ta yi sanyi. A irin wannan zaman ne wata shiga Kano da na yi na sayo rikoda, 'yar ƙaramar na'urar ɗaukar murya, ta hannu, wadda ba ta wuce tsawon tafina ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in gyara tsayuwa in ce bincike nake yi kan tarihin gari. Ƙarya nake yi.

Gaskiyar ita ce mahaifina ya rasu ina ɗan shekara huɗu, kuma ban san komai game da shi ba sai sunansa. Hotonsa ɗaya ne, na jikin wani kati, shi ma ruwa ya ci fuskar. Mahaifiyata ta sake aure a Bebeji, in na tambaye ta sai ta ce "Allah ya ji ƙansa," ta tashi ta shiga wani aikin. Wadda ta san shi tun daga zanin goyo ita ce kakata Iya, to shi kuma ɗan farinta ne. Kun san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, da ransa da bayan ransa. In ta kama dole sai ta ce "wancan." Ni ma ba ta kiran sunana, don sunan mijinta aka sa mini, sai dai Maigida. Shekara da shekaru ina lallaɓa ta, tana kawar da zancen da tsokana. Rannan da na je gaishe ta, ba zato ba tsammani, ta dube ni ta ce, "Maigida, in za ka zo sunan jikan Baffanka, ka zo da abin naka. Na ga ƙafa ta fara ƙi."

Dama ɗaya ke nan, na san ba za a yi ta biyu ba. Don haka na ɗaura ɗamarar koyon yadda ake ɗaukar murya ta fita raɗau. Duk inda na sami sabis a Doguwa sai in tsaya ina kallon bidiyon masana a waya, har na haddace ƙa'idojin. Rikoda ta kasance taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Kada a riƙe ta a hannu, don motsin yatsa ma tana ɗauka, a ɗora ta kan abu mai laushi. A guji ɗaki mai rufin kwano da ɗakin da ba kaya, saboda amsa-kuwwa. A sa mata soso a kai saboda iska (ni tawa ba ta zo da soso ba, sai na zura ta cikin safa, wankakkiya dai). Sannan a sa iyafis a kunne a riƙa jin abin da take ji.

Akwai kuma jan maɓallin, ku riƙe wannan da kyau. In ka danna sau ɗaya, 'yar wuta za ta riƙa ƙiftawa, wato jira take yi: kana jin komai a kunnenka tangaran, amma ba ta ɗaukar komai. Ka sake dannawa, wutar ta tsaya cak, ta fara ɗauka. Ka kuma dannawa, ta koma jira. Wallahi na san wannan kamar yadda na san sunana.

To gwaji sai da murya, kuma murya ɗaya ce a ɗakina. Da farko "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" nake yi. Daga baya na fara ba ta labarin yadda aka yini a aji. Kafin in ankara, ta zama abokiyar hirata, ina faɗa mata abin da ba zan faɗa wa ɗan Adam ba, in saurara, in goge. (Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, ku rufa mini asiri.)

Suna ya faɗo ranar Lahadi, Litinin kuma ina da aji. Mai hankali zai nemi izini a makaranta ya bari gida ya watse. Ni kuwa na sauka a Kiru da hantsi, na hau acaɓa zuwa Badafi, na tarar da gida maƙil: mata daga Tudun Wada, mata daga Bebeji, turmi uku ana lugude, sifika mai caji tana ta ɓarin waƙa a tsakar gida. Na gaisa da Baffa Sale, ƙanin mahaifina kuma maigidan yanzu, a tsaitsaye, ko jaririn ban tsaya gani ba. Bayan azahar na shige ɗakin Iya na fara aiki.

Ɗakin soro ne na ƙasa, daidai yadda masana suke so. Sai dai jeren kwanukanta da ke bango, wanda na ji yana mayar da sauti, na kwaso zannuwanta na lulluɓe shi. Tana zaune bakin gado tana kallona, ta ce, "Maigida, wanki za ka yi mini ko kwashe kayan za ka yi ka sake ni?" Ban ko yi murmushi ba. Na zura rikoda cikin safa, na sa iyafis, na laluba jan maɓallin ta kan safar na danna sau biyu don in yi gwaji. Abin da na ji a kunnena ya tayar mini da hankali. Na'urar nan tana jawo sauti kamar me. Taɓarya kamar a ƙirjina ake dukanta, zakara kamar a kafaɗata yake tsaye, can kuma injin niƙan maƙwabta yana ta gurnani. Na zare iyafis ɗaya na ce, "Iya, ina zuwa." Na jefa rikodar a aljihun gaba na fita farautar ƙara.

Kai, na yi rashin mutunci a ranar. Na kashe wa mata sifikarsu ana tsakiyar rawa. Na tsayar da masu daka, na ce awa ɗaya kacal. Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifina, ta riƙe ƙugu ta ce, "To tuwon sunan kai za ka tuƙa da injin naka?" Na ce mata wannan aikin tarihi ne, ba kowa zai gane ba. Na sa aka kifa wa zakara kwando. Na ja awaki zuwa bayan gida. Na je wurin mai injin niƙa na yi ta roƙo har ya kashe, yana kallona kamar wanda ya taɓu. Na dawo na tarar da Baffa Sale a zaure da baƙinsa, yana ta tarin nan nasa mai kamar ana jan buhu a ƙasa, zauren kuma bango ɗaya ne da ɗakin Iya. Na durƙusa, ni da bakina, na ce, "Baffa, don Allah in da hali a ɗan riƙe tarin, ko a koma gindin darbejiya." Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya ce wa baƙinsa su tashi.

Da na koma ɗaki Iya ta fita kama ruwa, na zauna ni kaɗai na ɗan lokaci ina jiranta. Ta shigo a hankali tana dafa bango, ta zauna. Na ɗora rikoda kan matashi, na auna taƙi ɗaya daga bakinta, na laluba jan maɓallin ta kan safa, na danna da bisimilla. Safar ta rufe wutar, ta rufe fuskar na'urar, amma me zai dame ni? Ga numfashin Iya nan a kunnena, tangaran.

Ta fara da tarihin gari, yadda kakanninmu suka sari dajin nan. Daga nan ta kalli ƙofa ta ga ba kowa, sai muryarta ta sauka. Ta shiga maganar wancan. Kusan awa guda tana magana.

Yanzu ku tambaye ni me ta ce. Kunnena yana wurin, amma ba maganarta yake bi ba, abin da ke bayan maganar yake farauta. Shin wannan kukan jariri ne? Wa ya taɓa bokiti? Awarwaronta tana ƙara, in ce ta cire ko in bari? Na riƙa gaya wa kaina ba komai, ai yana cikin na'ura, in na koma Doguwa zan saurara sau ɗari a natse. Abin da ya maƙale mini guntaye ne: ranar da aka haife shi ana ruwa. Akwai wata tafiya a ƙafa zuwa Tudun Wada da ƙwaryar fura, ban san wa ya je ba, ban san dalili ba. Sai kuma wuri ɗaya da ta sunkuyar da kai ta ambaci sunan mahaifina, ta ce, "Haruna kuwa..." A daidai lokacin wani babur ya wuce ta bayan katanga. Na ɗaga mata hannu na ce, "Iya, dakata, babur. Maimaita daga nan."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta maimaita ba. Ta goge gefen idonta da bakin mayafi ta ci gaba daga wani wurin, ni kuma na ji daɗi don ƙarar babur ɗin ta yi nisa.

Da muka gama na danna maɓallin tsayarwa na fito ina taku ɗai-ɗai kamar wanda ya dawo daga aikin Hajji. La'asar ta yi, tuwo bai sauka ba, mata sun yi jugum a inuwa suna harara ta. Baffa ya shigo tsakar gida ya ce, "To Malam, a jiyar da mu abin da aka hana mu tari dominsa." Na ce ai kuwa yanzu za ku ji aiki. Niyyata in sa musu farkon kawai, wurin tarihin gari, sauran nawa ne. Na jona rikodar da sifikar matan, na ƙure murya. Aka fito da Iya aka zaunar da ita kan kujera 'yar tsugune. Har waɗanda ke ƙofar gida suka leƙo.

Abin da ya fara fitowa muryata ce, na shaƙe ta irin ta masu karanta labarai a rediyo: "Jama'a masu sauraro, barkanku da war haka, ga shahararren mai bincikenku daga birnin Badafi." Aka kwashe da dariya. Na ce gwaji ne, a yi haƙuri, na danna gaba. Sai ga takun ƙafata, ga numfashina, ga ni ina gunaguni ƙasa-ƙasa, amma na'urar tana aljihun gaba, taƙi ɗaya daga bakina, daidai ƙa'ida. Kowace kalma ta fita raɗau: "Ita kuma Gwaggo Abu murya kamar an taka agwagwa, ai ko injin niƙan ya fi ta daɗin ji."

Tirƙashi! Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Ni Abu?" Mata suka faɗi kan juna. Na sake danna gaba, na sauka kan, "Mutum ya tsufa ba zai sha magani ba, sai ya cika wa mutane kunne da tari kamar tsohuwar akori-kura." Baffa ya dai gyara tsayuwa. A nan ne lissafin ya faɗo mini. Tun gwajin farko ban tsayar da ita ba, ɗauka take yi duk yawon da na yi. Dannawar da na yi da bisimilla a gaban Iya, jira na mayar da ita. Amma zuciyata ta ƙi yarda, na ce wataƙila Iya tana can gaba. Na kuma dannawa.

Wannan karon ba dariya a ciki. Ɗaki ne shiru, lokacin da Iya ta fita kama ruwa, sai muryata, irin wadda nake yi wa rikoda a Doguwa in na rufe ƙofa: "Baba, ni ne. Yau za a gaya mini kai. Ban san ko kana da yawan dariya ba. Ni dai ina nan, ina koyarwa, ba laifi. Sai dai in na dawo daga makaranta ba wanda zan ce wa na dawo. Wani lokaci nakan yi sallama a ƙofar ɗakin, in amsa wa kaina."

Na so in kashe, yatsana ya ƙi motsi. Gardi mai gemu, malamin makaranta, ga cikina an zazzage a tsakar gida ranar suna, ta sifika. Shirun da na yini ina nema da roƙo da faɗa, sai a lokacin gidan ya yi shi, ko zakaran da ke cikin kwando bai motsa ba. Daga nan aka ji jan ƙafar Iya tana shigowa, da muryarta: "Maigida, ka gama korar mutanen? Zauna mana ka huta, tun da ka zo ko ruwa ba ka sha ba." Sai ƙit. Shi ke nan abin da ke ciki.

Gwaggo Abu ce ta fara motsi. Ta share ido da gefen zani, ta ce da muryar agwagwarta, "To a ɗora tuwo mana, an tsaya kallon me?" Kowa ya tashi ya kama aiki da sauri, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ni, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Baffa ya zo wucewa ya tsaya kusa da ni ya ce, "Tarin nan da ka raina, irin na babanka ne sak. In muna bayan danga, Iya ma ba ta bambanta mu." Ya yi gaba abinsa.

Na bi Iya ɗaki na durƙusa. Na ce, "Iya, na'urar ba ta ɗauka ba. Don Allah gobe da safe a sake, zan bar makarantar."

Tana cire zannuwanta daga kan jeren kwanuka tana ninkewa, ba ta juyo ba ta ce, "A sake me? Ai ba safarka na gaya wa ba, kai na gaya wa. Ba kana zaune ba?"

Na ce, "Ina zaune, Iya."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Na sauke."

Ta yaya zan buɗe baki in ce mata ina zaune amma ba na nan? Tsohuwa ta haɗiye kunyar shekara hamsin ta kira sunan ɗanta saboda ni, ni kuma na ɗaga mata hannu saboda babur. Na ce a raina in na dawo hutu zan lallaɓa ta a hankali, ba na'ura, ba komai. Na dawo hutun, na same ta ba ta iya doguwar magana. Da damina ta kama aka kira ni a waya ina cikin aji.

Rikodar tana nan. Duk abin da na taɓa ɗauka a cikinta na goge, ban da na ranar. Baffa ya ba ni abin da ya sani game da yayansa, Gwaggo ma ta ƙara (bayan ta sa na maimaita maganar agwagwa a gaban ƙawayenta sau biyu), amma ba wanda ya san zancen ƙwaryar furar nan da hanyar Tudun Wada. Su biyu ne suka sani, Iya da mahaifina, duk sun tafi.

In na dawo daga makaranta yanzu, nakan sa iyafis in wuce wurin shahararren mai bincike, in ɗan tsaya kan tarin Baffa da ake jiyowa daga zaure, sannan in je ƙarshe. Maganar Iya ba ta fi ƙiftawar ido ba. Ta yi nisa da na'urar, akwai jan takalmi a ciki, akwai akuya tana kuka can baya, duk masanin da ya ji zai ce a goge a sake. Nakan saurara, in tashi in ɗebo ruwa in sha, tunda ta ce ban sha ba.

Don haka in kuna neman shawarar ƙwararre kan ɗaukar murya, ga ta kyauta: kada ku sa wa rikoda safa har ta rufe wuta. In kuma tsoho ya ce zauna in gaya maka, to ka cire abin kunnen nan ka zauna, ko da akuyoyin garin duka suna kuka.